Ina neman shawara: rubutun buroshi mai kauri a allon shago, da ɗ, ƙ, ɓ da suka ƙi fitowa

Ɗan Gwaggo, Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar dizayin da bugu.

Ina da ɗan teburi a wani shagon kwamfuta nan Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Shekara uku ke nan ina haɗa katin biki, fosta, kalandar walima da sitikar robar zoɓo a manhajar zane ta CorelDRAW. Abin da ya kawo ni yau aikin gida ne, shi ya sa ya tsaya mini a rai.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta daɗe tana sayar da ɗanwake da ƙosai a ƙofar gida. Bana Allah ya hore mata ta kama shago a bakin titi, ta ce ni zan yi mata allon da za a kafa saman ƙofa. Kalma ɗaya take so a rubuta da girma: Ɗanɗano. A ƙasa kuma a jera abin da ake samu, ɗanwake, ƙosai, dambu, zoɓo mai ƙanshi, sai lambar waya. Na zaunar da ita gaban kwamfuta na nuna mata samfurin rubutu kusan goma. Duk masu tsayuwa cak irin Arial da Impact ta kawar da kai, ta ce waɗannan na asibiti ne da banki. Da muka zo kan wani mai kauri, wanda kamar an tsoma buroshi a fenti an ja shi da hannu a tashi ɗaya, gefensa a ɗan tsattsage, wutsiyar harafin ƙarshe tana nuna sawun gashin buroshi, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Tsaya nan. Wannan ya yi kama da abincin da hannu ya dafa."

To, daga nan matsala ta fara. Na rubuta Ɗanɗano, sai babban Ɗ da ƙaramin ɗ suka ƙi bin 'yan uwansu. Fon ɗin, wato samfurin rubutun, ba shi da su, kwamfuta ta aro su daga wani wuri, suka fito sirara kamar tsinke a tsakanin ƙattin haruffa. Na ƙara musu kaurin layi, na ga kamar za su wuce, na zuba aikin a filas na kai inda ake buga fileks, wato ƙatuwar ledar nan ta allon talla. Ƙafa takwas ne tsawonsa, faɗi ƙafa uku. Sauri nake, ban tsaya na ga yadda ya buɗe a kwamfutarsu ba. Da na je karɓa da yamma aka warware mini shi a ƙasa, sai ga akwati murabba'i a gurbin Ɗ, wani akwatin a gurbin ɗ, sauran haruffan ma sun koma wani salo dabam. Daga aljihuna na biya.

Karo na biyu na ce bari in huta, na cire lanƙwasar gaba ɗaya. Aka buga Dandano, zobo mai kanshi. Na kai gida da murna. Autar Gwaggo, wadda ke aji shida a firamare, ta karanta a fili kamar yadda aka koya mata, sannan ta ɗago ta tambaye ni, "Yaya, kan wa?" Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ni ɗanɗano na ce maka." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu bana, wato ledar allon, guda biyu ne a naɗe ƙarƙashin teburina, kuma saura kwana goma a buɗe shago.

Abin da nake tambaya: akwai fon na buroshi mai kauri da wani a nan ya taɓa aiki da shi, wanda ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa? In babu, yaya ake ƙara musu lanƙwasar ba tare da ta zama kamar an liƙa ba? Sannan ina son a wayar mini da kai kan inda irin wannan rubutu ya dace da inda bai dace ba, domin na biyun da na rataya don gwaji, na tsallaka titi na duba, ko lambar wayar ban iya karantawa ba, alhali ni na rubuta ta. Allah ya ba da ikon taimakawa.

Baba Mai Fenti, Badarawa

Wa alaikumus salam. Jikana ne ke buga mini wannan a waya, ni ina faɗa, shi ya nuna mini tambayarka.

Ɗana, abin da gwaggonka ta gani ta so, mu da shi muka ci abinci. Tun ina saurayi nake rubutu a jikin motocin katako da allunan shaguna, daga Kawo har Kakuri. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da na kusa shekara ina jan layi da ruwa zalla a kan daɓen siminti kafin ya bar ni in taɓa gwangwanin fenti. In ruwan ya bushe in sake. Layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, shi ke nan aikin yini.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin rubutun nan, don in ka san daga inda ya fito za ka san yadda za ka gyara shi. Buroshin rubutu bakinsa faffaɗa ne. Kauri da siranta ba ado ne aka ƙara ba, daga yadda ka karkata bakin suke fitowa. In ka sauko da shi da faɗinsa, layi ya yi kauri. In ka juya ka bi da gefensa, ya sirance. Duk wanda ya taɓa fere alƙalamin kara a makarantar allo ya san wannan, abu ɗaya ne. Tsattsagewar nan da ka ce tana nuna sawun gashi kuwa, fenti ne ya ƙare a baki kafin hannu ya tsaya. Saboda haka a ƙarshen ja take zuwa, ba a farkonsa ba. Jikana ya nuna mini wasu na kwamfuta, na ga an tsattsaga harafi ta ko'ina, sama da ƙasa, ciki da waje. Buroshi ba ya haka.

Sai ka koma ka warware bananka ka duba wani abu. Kalmar Ɗanɗano tana da "an" sau biyu. Na tabbata za ka tarar da su iri ɗaya sak, har inda gashi ya tsage a na farko nan ya tsage a na biyu, kamar an buga hatimi. Hannun mutum bai taɓa yin harafi biyu iri ɗaya ba. Mai wucewa ba zai iya faɗin abin da ya gani ba, amma idonsa ya gane cewa ba hannu ba ne.

Maganar lanƙwasa. Kuskuren da yara ke yi shi ne su gama d sannan su ɗora mata ƙugiya kamar an sa wa mutum hular da ba tasa ba. Ni daga ƙugiyar nake farawa. In ajiye bakin buroshi a sama ta dama, in lanƙwaso hagu, in sauko da sandar har ƙasa ban ɗaga hannu ba, sannan in dawo in yi cikin. Haka ɓ, haka ƙ. In ka yi haka, kaurin ƙugiyar zai zama na harafin ne, ba baƙo ba.

Girma kuma, ma'aunin da muke bi shi ne inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. In daga tsallaken titi kake son a karanta, ka auna titin da tafiya, ka lissafa. Kuma tsakanin harafi da harafi ba a auna shi da rula. Maigidana cewa yake, ka ɗauka hatsi za ka zuba a kowane gurbi, to mudun ya zama ɗaya.

Tun da injin fileks ya shigo garin nan aikinmu ya ja baya. Abin da ya rage sai katangar makaranta, jikin tanka, da gidajen da ake rubuta wa ba na sayarwa ba ne. Ba na jin haushin injin, zamani ne. Amma hannun yana nan. In kana so, ka sayo farin kwali guda biyar da baƙar tawada ka zo bayan la'asar, in rubuta maka kalmar har sai ka ga wadda ta kwanta maka. Jikana zai tura maka kwatance.

Maman Sultana, Malali

Ƙanena, kada ka bari tayin Baba ya wuce ka. Ni a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya na karanta zane, na kuma yi shekaru ina yi wa masu turare da masu kayan gashi tambari, amma abin da ya faɗa kan ƙugiya a 'yan layukan nan ya fi abin da zan iya nuna maka a kwamfuta. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Zan ɗan taɓa asalin abin, don yana da alaƙa da tambayarka. Irin wannan rubutu ba kwamfuta ta kawo shi ba. Masu zuba haruffan dalma ne suka ga yadda rubutun masu fenti ke jan ido a talla, suka nemi su kwaikwaye shi. Brush Script, wanda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Microsoft Office, Robert E. Smith ne ya zana shi a Amurka a 1942. A Faransa kuma Roger Excoffon ya fitar da Mistral a 1953, daga rubutun hannunsa, sannan a 1955 ya fitar da Choc, ƙato mai kauri, wanda shi ne kakan irin wanda gwaggonka ta zaɓa. In ka buɗe jerin fon na tsohon CorelDRAW ka ga Staccato 222 da Staccato 555, to Mistral da Choc ne aka sauya wa suna. Shi ya sa kake ganinsu a allunan kantin magani da shagunan aski daga Titin Ahmadu Bello har Rigasa. Duk an zana su ne don harsunan Turai, babu wanda ya yi tunanin Bahaushe lokacin da yake zana su, kuma yawancin sababbin da matasa ke zanawa suna sakawa a intanet a kan wannan turbar suke.

Don haka kafin ka nuna wa kwastoma kowane fon, ka fara gwada shi kai kaɗai. Ni jimla ɗaya nake bugawa: Ɓarawo ya ɗauki ƙwai, Ɗanladi da Ƙasimu sun biya ₦500. In wani harafi ya sauya kama, na san ba shi a ciki. A Google Fonts akwai gurbin da za ka rubuta abin da kake so ka ga yadda zai fito a kowane samfuri kafin ka sauke. In kuma madannanka ba sa ba ka haruffan, a waya Gboard yana da Hausa, a kwamfuta akwai Keyman. A Word ma in ka rubuta 0257 ka danna Alt da X tare zai zama ɗ, 0253 ya zama ɓ, 0199 ya zama ƙ.

In fon ɗin ya yi maka kuma babu lanƙwasa, ga dabarar da nake yi. Kada ka zana ƙugiya daga kanka, ka aro ta daga cikin gida. Ƙaramin f na fon ɗin yana da kai mai lanƙwasa zuwa dama, da kauri da tsattsagewa irin na 'yan uwansa. Rubuta d da f, mayar da su zane da Ctrl+Q, yanke kan f, ɗora shi a sandar d, haɗe su su zama jiki ɗaya, sannan ka bi gaɓar da F10 ka goge alamar ɗinki. Manyan baƙaƙen sun bambanta: a Ɓ da Ɗ ƙugiyar ta hagu take a sama, a Ƙ kuma hannun dama na sama ne ke lanƙwasawa. Ka kula da ɗ musamman. A ɓ da ƙ ƙugiyar tana rufe cikin harafin ne, ba ta damun kowa, amma ta ɗ tana leƙawa kan maƙwabci. Rubuta "daɗi" ka gani, za ta yi karo da ɗigon i. Sai ka ɗan matsar da i ko ka rage ɗigon. Kuma ka guji fon ɗin da sandunan b, k da l nasa ke da zobe a sama, domin a cikin zoben ƙugiya take ɓacewa.

Akwai maganar halal da haram a nan da ba ma son taɓawa. Da yawa daga cikin fon ɗin da muke saukewa a shafin intanet na DaFont an rubuta a jikinsu cewa kyauta ne don amfanin kai kawai. Allon shago kasuwanci ne. Wani ne ya zauna wata da watanni ya zana abin nan, haƙƙinsa ne. Mafi yawan na Google Fonts kuwa, irin Lobster da Kaushan Script na Pablo Impallari ɗan Ajantina, ko Pacifico na Vernon Adams, suna ƙarƙashin lasisin OFL ne. Wannan lasisi ya yarda ka yi kasuwanci da su, ya yarda ka buɗe fon ɗin a manhaja irin FontForge, wadda ita ma kyauta ce, ka ƙara masa haruffa. Sharaɗin shi ne ba za ka sayar da fon ɗin shi kaɗai ba, kuma in mai shi ya keɓe sunan, sai ka sauya wa naka suna.

Inda ya dace kuwa, ka ɗauke shi kamar yaji. Kalma ɗaya, biyu, in ta yi yawa uku: sunan shago, sunan kaya a jikin leda ko roba, kanun fosta, gaban riga, sunayen ango da amarya. Yana tafiya da abinci, kayan sha, wasanni, kayan matasa, duk abin da ake son a ji ɗumi da motsi a cikinsa. Ban taɓa sa shi a takardar lauya ko ta asibiti ba, kuma ba na sa shi a sanarwar rasuwa. Lambar waya, farashi, adireshi, jerin abinci, duk waɗannan a ba su fon mai tsayuwa sosai. Noto Sans da Andika duk suna da haruffanmu cikakku, ba sai ka yi musu tiyata ba. Kada ka rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla, musamman mai haɗe-haɗe irin Brush Script, sarƙewa yake yi. Kada ka buɗa tsakanin haruffan da aka zana don su riƙe hannun juna. Kada ka ja shi ta gefe don ya cika allo, kaurin da Baba ya yi bayani lalacewa yake. Inuwa da kalar bakan gizo da layi uku a kewaye, duk ka bar su, shi kansa ya isa ado.

Tagwayen "an" da Baba ya hango ma suna da magani a wasu fon ɗin. Masu kyau sukan zo da a biyu ko uku, n biyu ko uku, a ɓoye. Daga CorelDRAW X6 zuwa sama, in ka zaɓi harafi za ka ga ɗan kibiya a ƙarƙashinsa in yana da madadi.

Oga Fileks, Kakuri

Ni a bakin inji nake wuni, bari in faɗi tawa ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ka zaga Kasuwar Sheikh Gumi ka ƙirga allunan Hausa da ke da ƙugiya. Ba su da yawa, kuma ciniki bai tsaya ba. Bahaushe in ya ga "zobo" ya san abin da ake nufi. Ni a ganina wahalar ta yi yawa a kan allo ɗaya.

Amma tunda ka nace, ga abin da ya shafe ni. Bananka na farko ba fon ne ya kashe shi ba, rashin Ctrl+Q ne. Duk aikin da za ka fitar daga kwamfutarka, ka ajiye kwafi ɗaya mai rubutu don gyara, ka mayar da ɗayan zane, shi za ka kawo mana. In ya zama zane babu ruwansa da ko muna da fon ɗin ko ba mu da shi. Kuma ka tsaya a buɗe a gabanka, minti biyu ne.

Na biyu, masu tsattsagen gefen nan suna ba mu wahala. A fileks lafiya lau, inji feshi yake yi. Amma ranar da gwaggonka ta ce a yanka mata sunan a sitika a manna a gilashi, wuƙar injin yanka sai ta bi kowane ɗan tsage, harafi ɗaya sai ya ɗauki ɗaruruwan gaɓoɓi, kuma wajen ɓare abin da ba a so duk ƙananan sai su biyo hannu. Haka in za a buga a riga ko leda da sikirin, wato bugun da ake tace fenti ta raga, ƙananan ɗigon toshewa suke. A ɗinkin kwamfuta na hula ko atamfar ma'aikata kuwa, zare ba ya iya su sam. To ka tanadi iri biyu tun yanzu, mai tsage don manyan aiki, mai sumul don ƙanana.

Kala kuma ka tuna rana da ƙurar hunturun Kaduna. Ja mai haske a kan ruwan lemo wata shida ya isa ya koma abu ɗaya. Duhu a kan haske, ko haske a kan duhu.

Malam Na Hausa, Unguwar Rimi

Oga, shawararka ta inji ta yi, Allah ya saka. Amma ta farkon ban bi ka ba. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da Hausa a sakandare, kuma abin da nake fama da shi a aji daga allunan titi yake shigowa. Yaro ya ga "Barka da zuwa manyan baki" a ƙofar ɗakin taro da haruffa kamu biyu, ni kuma gobe in ce masa baƙi dabam, baki dabam. Wa zai gaskata, ni ko allon? Ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, ɓata da bata, ƙura da kura, ba ƙawa ce ta raba su ba, sauti ne dabam a bakin kowane Bahaushe. Na taso ina ganin haruffan nan a Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya tun 1939, a zamanin da kowane harafi sai an zuba shi da dalma. In su sun iya, mu da ke da kwamfuta a aljihu ba mu da hanzari.

Ɗana mai tambaya, in wata rana aka kawo maka aikin ajami, ka nemi fon mai suna Alkalami na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. A kan rubutun hannun Kano mai kauri aka gina shi, irin na littattafan da ake sayarwa a bakin masallaci. Ka ga mu ma muna da namu rubutun mai kauri na hannu tun kafin boko.

Ɗan Gwaggo, Tudun Wada

Na dawo da labari, kuma na rasa bakin godiya.

Ranar Talata bayan la'asar na je wurin Baba da kwali biyar da kwalbar tawada. A zaure na same shi. Ya ciro buroshinsa daga cikin wani tsumma mai maiƙo, guda uku, ya zaɓi na tsakiya, ya wanke shi da kananzir, ya matse bakin da yatsu biyu har ya koma kamar bakin kurfi. Bai taɓa kwalin ba sai da ya ɗaura zare ya shafa masa alli, ni na riƙe gefe ɗaya, ya ja ya saki sau biyu, layi biyu suka fito. Sannan ya tambaye ni gwaggon tawa wace irin mace ce, mai sanyi ce ko mai kazar-kazar. Na ce mai kazar-kazar ce, kafin asuba ta hura wuta. Ya ce to rubutun zai ɗan rusuna gaba.

Na zuba wa hannunsa ido a kan ɗ. Yadda ya faɗa haka ya yi: ya ajiye baki a sama, wuyan hannunsa ya juya kaɗan, ƙugiyar ta fito siririya a farko ta yi kauri a lanƙwasa, ya sauko da sandar numfashi ɗaya. Ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Ni na kwana biyu ina fama da ita da linzamin kwamfuta. Sau goma sha huɗu ya rubuta kalmar. A ta tara tawada ta ƙare masa daidai wutsiyar o, gashin ya rabu gida huɗu, ya ɗaga hannu ya ce, "Ga taka nan." Ya ci gaba da sauran don in sami zaɓi, amma ta taran na ɗauka. Na miƙa masa abin da na zo da shi ya ƙi karɓa, sai da na ce Gwaggo ce ta aiko, kuma aiki ne ba roƙo ba, sannan ya sa hannu.

Na ɗauki hotonta a na'urar sikana da ɗigo 600 a kowane inci, na bi ta da PowerTRACE na CorelDRAW mai mayar da hoto zane, na rage gaɓoɓin kamar yadda Oga ya ce. Anti Maman Sultana, jerin abincin da lambar waya na sa su a Noto Sans mai kauri, kuma na cire inuwar da na saba sakawa, ko da yake hannuna ya yi ta kai wa wurin. Kalar sunan jan zoɓo ce mai duhu a kan ruwan madara. Na auna titin da tafiya, na ba lambar waya inci biyar. Na yi Ctrl+Q, na tsaya a kan mai inji har ya buɗe na gani da idona.

Jiya muka kafa shi. Na tsallaka wajen masu keke na karanta komai har lambar. Auta ta karanta "zoɓo mai ƙanshi" ba ta tambayi kowa komai ba. Gwaggo ta karɓe kwalin Baba na asali, ta ce a sa mata shi a gilashi ta rataya a ciki, saman inda take ajiye kuɗi.

Abin da ya rage mini yanzu sitikar robar zoɓo ce. Faɗinta santimita biyar ne, na gwada bugawa, wutsiyar o ta cushe ta zama dunƙule, don haka daren nan zan zauna in fitar da mai sumul ɗin. Kuma na roƙi Baba ya rubuta mini baƙaƙen Hausa gaba ɗaya, manya da ƙanana, da lambobi da alamar naira, kowanne sau uku, ya ce in zo da kwali ashirin ranar Asabar. Anti, ban taɓa buɗe FontForge ba. In akwai ranar da kike da sarari, ni zan zo Malali da kwamfutata.